Ku Tambayi Likita: Ina Shan Maganin Tsinka Jini, Haƙori Kuma Ya Hana Ni Bacci

Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, masu shan maganin tsinka jini da haƙori ya matsa musu, shi yasa na haɗa su wuri guda. Masu tambaya akan warin baki da haƙoran yara ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, don Allah shawara nake nema akan mahaifiyata. Shekara shida kenan da aka yi mata aikin zuciya a Indiya aka sa mata bawul na ƙarfe, tun lokacin kullum da daddare sai ta sha wafarin. Toh yanzu turminta na ƙasa ya yi kogo, wlh bata bacci, ko tuwo bata iya ci sai kunu. Munje wani kilinik sunce ba zasu taɓa ta ba sai ta ajiye maganin na kwana bakwai, yayana kuma yace a ajiye kawai ai kwana bakwai ba wani abu bane. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Hankalinki da bai kwanta ba shi ke da gaskiya. Kar ta ajiye maganin nan ko na kwana ɗaya, sai in likitan zuciyarta ne ya faɗa da bakinsa, kuma da wuya ya faɗi haka saboda haƙori ɗaya.

Bari in ba ki abin da za ki gaya wa yayan naki. Shi bawul na ƙarfe, wato 'yar ƙofar da ake sawa a zuciya tana buɗewa tana rufewa don jini ya wuce, baƙo ne a jiki, jini in ya zo wucewa ta kansa so yake ya daskare a jikinsa, wafarin ɗin nan shi ke hana shi. Kuma wafarin ba ranar da aka ajiye shi yake fita ba, sai ya yi kwana 3 zuwa 5 ƙarfinsa na raguwa a hankali, in aka dawo sha ma haka, sai ya ɗauki wasu kwanakin kafin ya koma inda yake. Kinga kwana bakwan da ake rainawa in aka haɗa da kwanakin dawowa, Mama za ta jima tana yawo ba kariya. In gudan jini ya haɗu akan bawul ɗin, ko dai ya maƙale shi ya hana shi buɗewa da rufewa, ko ya ɓalle ya bi jijiya ya tafi ƙwaƙwalwa, sai kawai a wayi gari baki ya karkace, hannu da ƙafa sun saki, magana ta ɗauke. Shanyewar ɓarin jiki kenan, kuma ba kowa ke dawowa daidai ba. Shi kuwa jinin ramin haƙori a fili yake, ido na ganinsa, yatsa na kai masa, auduga da allura da zare duk suna kai masa. Abin da zan iya dannewa da yatsana ba zan sa shi sikeli ɗaya da abin da ke can cikin kai ba.

Masu kilinik ɗin ban ce mugunta suka yi ba, tsohon karatu ne, a da can haka ake koyarwa, a ajiye magani kafin a ciri haƙori. Amma an daɗe da barin wannan. Ƙa'idar da likitocin haƙori na Sukotland suka fitar a 2015 suka sabunta a 2022 cewa ta yi in gwajin INR na mutum yana ƙasa da 4 a cire masa haƙori ba tare da an taɓa maganinsa ba, a Amurka kuma da yawa 3.5 suke ɗauka a matsayin iyaka. INR shi ne gwajin da ke nuna yadda jini ya tsinke, nasan Mama ta saba da shi. Wanda baya shan komai nasa wajen 1 yake, masu bugun zuciya mara tsari ko gudan jini a ƙafa akan riƙe su tsakanin 2 da 3, masu bawul na ƙarfe kuma da yawa tsakanin 2.5 da 3.5. Wato in Mama tana cikin ma'auninta ai ta riga ta cika sharaɗi. 'Yan'uwanmu na Nijar da ake rubuta wa Sintrom, shi ma ɗan gidan su wafarin ne, maganar ɗaya ce.

Ga yadda za ku yi. Ku kai ta babban asibiti mai sashen haƙori da ɗakin gwajin jini a wuri ɗaya, ku a Zariya ga Shika kusa da ku, na Kano ga asibitin Malam Aminu Kano, Sakkwato da Maiduguri ma duk asibitocin koyarwarsu suna da sashen. A yi INR ana gobe za a cire ko da safen ranar, in kuma nata baya yawan hawa da sauka to na cikin kwana uku ma ya isa. In ya fito 4 ko sama a fasa, a koma wa likitan zuciya ya gyara adadin ƙwayar tukunna. Ku nemi a ba ku safiya, kuma farkon sati, Litinin ko Talata, saboda in jini zai dawo ya dawo lokacin da likitoci ke nan, kar a je cire haƙori da yammacin Juma'a sannan a kwana biyu ana neman wanda zai duba. Ku tafi da kwalayen duk magungunan da take sha a leda, har da na gargajiya in akwai, a auna mata hawan jini kafin a fara don jini in ya hau ramin baya son tsayawa. In haƙoran da suka lalace suna da yawa kar a wuce uku a zama ɗaya, ni ma na fi so a fara da ɗaya a ga yadda jikinta zai yi.

Bayan an cire, likita zai cusa wani ɗan soso ko ƙyallen magani a cikin ramin wanda ke narkewa da kansa, ya ɗinke dasashin a kai, ya sa ta cije bandeji. Kar ku yi saurin tafiya, ku zauna a benci rabin awa a sake buɗe bakin a duba. Akwai kuma maganin da ake kira tiranezamik, wasu masana biyu mata da miji a Japan suka samar da shi a 1962, aikinsa hana gudan jini narkewa, a 1989 kuma likitoci a Denmak suka nuna cewa in masu shan maganin tsinka jini suka riƙe ruwansa a baki bayan tiyatar baki zubar jini tana raguwa sosai. Akan jiƙa bandeji da shi a cije, ko a ba mutum ruwansa ya riƙe a baki minti 2 sau huɗu a rana na 'yan kwanaki. A baki kawai fa, kar wani ya je kemis ya sayo ƙwayarsa ya ba Mama ta haɗiya, wannan sai da izinin likita.

Abu na ƙarshe, tunda bawul ne da ita ki tuna wa likitan haƙorin maganar maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake sha rabin awa zuwa awa ɗaya kafin a cire, yawanci amoksisilin ne in jikinta baya ƙin sa, saboda ƙwayoyin cutar baki suna iya shiga jini su sauka akan bawul. Kuma wannan ma wani dalili ne da zai hana a bar ruɓaɓɓen haƙori a bakinta don tsoron jini.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Babanmu bara aka sa masa sitent (ɗan bututun da ke riƙe jijiya a buɗe) a jijiyar zuciya, yana shan Vasoprin da Plavix. Satin da ya wuce aka cire masa haƙori da yamma, cikin dare muka ga filo duk jini, yana ta tofarwa a gwangwani, muka ba shi ruwan gishiri mai ɗumi ya kurkure wai ko zai tsaya sai ma ya ƙaru, ba mu runtsa ba sai wajen asuba ya lafa. Ga shi akwai wani haƙorin da za a cire wata mai zuwa, yace shi wannan karon sai ya daina ƙwayoyin. Daga wani ɗan'uwa a Gusau.

AMSA: Malam sannunku da dare, nasan irin tashin hankalin. Amma ka lallashi Baba, mai sitent musamman wanda bai daɗe ba in ya ajiye waɗannan ƙwayoyi biyun sitent ɗin na iya toshewa, bugun zuciya kenan nan take. Kuma su asfirin (shi ne Vasoprin ɗin) da Plavix in sun taɓa ƙananan ƙwayoyin jinin nan masu mannewa su toshe rauni, sun taɓa su kenan har ƙarshen rayuwarsu, kwana 7 zuwa 10, don haka ajiyewar kwana biyu ma babu abin da za ta rage a jinin haƙori, hatsari kawai za a jawo. In haƙorin na biyu baya damunsa sosai a tambayi likitan zuciya ko akwai lokacin da zai janye masa ɗaya daga ciki, sai a jira lokacin.

Abin da ya faru a daren nan kuwa, ba ƙwayoyin kaɗai ba ne, tofarwar da kurkurewar suna da babban kaso. Gudan jinin da ke taruwa a ramin kamar ɗanyen yaɓe ne a bango, in aka bar shi zai kama, in ana ta watsa masa ruwa ana shafawa zubewa zai yi ta yi. Duk tofi ɗaya yana zuƙo shi, duk kurkura ɗaya tana wanke shi. Ruwan gishiri yana da amfani amma sai bayan awa 24, kuma a hankali.

In jini ya dawo a gida ga abin yi. A zaunar da shi a miƙe, kar ya kwanta. Ka wanke hannunka, ka haska bakin da tocilan ɗin waya, in akwai wani ƙaton gudan jini mai laushi da ya fito waje yana lilo akan haƙoran kusa ka goge shi a hankali da bandeji, amma kar ka tono na cikin ramin. Sai ka naɗe bandeji mai tsafta ya yi kauri kamar babban yatsa, in babu to sabon hankici ko ƙyalle mai tsafta da aka goge da dutsen guga, ka ɗan jiƙa shi kaɗan don kar ya manne, ka ɗora shi akan ramin daidai. Nan mutane ke kuskure, sai su cusa ƙyallen tsakanin kunci da haƙori ko su ɗora akan haƙoran gefe, mutum na ta cizo amma ramin ko taɓa shi ba a yi ba. In an ɗora daidai za ka ga haƙoran sama da na ƙasa basa haɗuwa sosai, ƙyallen ne ya tokare. Ya cije da ƙarfi minti 30 cur, a duba agogo, ba magana, ba amsa waya, ba buɗewa duk minti biyar a ga ko ya tsaya, yawu ya haɗiye abinsa. Audugar nan mai gashi da takardar goge hannu a bar su, mannewa suke su taso da gudan jinin in an zo cirewa. In an buɗe yana nan, a sake wani minti 30, wannan karon za a iya amfani da jakar ganyen shayi baƙi irin Lipton, a jiƙa ta da ruwan sanyi a matse a cije, akwai sinadari mai bauri a ganyen da ke taimaka wa jini ya kama. Ƙanƙara a ƙyalle a kunci ma tana taimakawa. In zai kwanta filo biyu ko uku, a shimfiɗa tsohon tawul.

Ku sani kuma jini kaɗan yana rina yawu mai yawa, yawu ja-ja a ranar farko da ta biyu ba abin tsoro bane. Wanda za a tashi a tafi asibiti ko ƙarfe biyun dare ne shi ne in an danne sau biyu baki na sake cika da jan jini, ko manyan gudaji na ta fitowa, ko jiri da zufa da bugun ƙirji, ko kuma ƙasan harshe da wuya suka fara kumbura har haɗiya ko numfashi na wahala. Wannan na ƙarshen ba a jira da shi ko minti goma. A tafi da bandejin a cije a baki da kwalin magani a hannu.

Kwana biyun farko abinci mai laushi kuma wanda ya huce, koko da kunu da shayi a bari su sha iska. Goro, rake, ƙilishi, aya, duk a ɗaga musu ƙafa. Taba da shisha a ajiye. Ruwan leda ma a juye a kofi, don tsotsar nan da ake yi tana zuƙo gudan jinin kamar yadda tofi ke yi, kuma in ramin ya zama wayam ƙashi ya fito fili, bayan kwana biyu zuwa huɗu za a ji wani azababben ciwo da ya fi na haƙorin da aka cire.

TAMBAYA: Likita kunce kar a kurkure baki na kwana ɗaya, toh alwala fa? Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

AMSA: Hajiya tambaya mai kyau. A mazhabar Malikiyya da mafi yawanmu ke bi kurkurar baki sunna ce a alwala ba farilla ba, don haka in kin bar ta a ranar farko saboda lalura alwalarki na nan. In kuma zuciyarki bata natsu ba ki sa ruwa kaɗan a baki ki sunkuya ya zubo da kansa, ba wujijjigawa ba furzarwa. Asuwaki da buroshi a ci gaba da yi wa sauran haƙora, a kauce wa wajen ramin kawai.

TAMBAYA: Slm likita, ni wafarin nake sha saboda gudan jini da na samu a ƙafa bayan haihuwa. An cire min haƙori lafiya lau, amma da ciwo ya dame ni ƙanina ya sayo min dikulofenak da Flagyl a kemis, bayan kwana huɗu sai ga haɓo da jini a dasashi har fitsarina ya canza kala. Haƙorin ne ya jawo? Daga Potiskum.

AMSA: Ƙanwata in har yanzu ba ki je asibiti ba ki ajiye mujallar nan ki tafi yau a miki INR, kuma ki daina waɗannan biyun. Ba haƙorin bane, haɗin maganin ne. Flagyl yana hana hanta sarrafa wafarin, sai wafarin ya taru a jiki INR ya yi sama, shi kuma dikulofenak yana raunana ƙwayoyin toshe rauni kuma yana cin bangon ciki, kinga an haɗa biyu kenan. Gaskiya wannan ya fi ba ni tsoro akan cire haƙorin kansa, saboda a wajenmu ciwon haƙori da Flagyl kamar an ɗaura musu aure, kowa ya shiga kemis da hannu a kunci shi za a miƙo masa ba tare da an tambayi me yake sha ba.

Mai shan maganin tsinka jini kowane iri ya nisanci ibufurofen, dikulofenak, Feldene, da garin Alabukun don asfirin ne a cikinsa mai yawa. Mai wafarin kuma ya ƙara da Flagyl, Septrin, sifuro, eritiromaisin, fulukonazol da man Daktarin na baki, duk suna tayar da INR, in dole sai an sha ɗayansu to likita ne zai rubuta ya kuma sa a riƙa gwaji. Na ciwo farasitamol ya isa, ƙwaya biyu ta 500 duk bayan awa shida, kar a wuce takwas a yini, in kuma an ga za a kwashe kwanaki da yawa ana sha a gaya wa likita don shi ma in ya yi yawa yana ɗan taɓa INR. Ganye irin alayyahu da kabeji ba a hana ki ba, suna da bitamin K wanda ke rage ƙarfin wafarin, abin da ake so ki riƙa ci daidai yadda kika saba, kar wannan satin ki cika ciki da shi sati mai zuwa ki ɗauke gaba ɗaya.

TAMBAYA: Ni Xarelto nake sha da safe, ni ma sai na yi INR ɗin? Daga wani dattijo a Kaduna.

AMSA: A'a Baba, INR baya auna sababbin magungunan tsinka jini irin su Xarelto da Eliquis da Pradaxa yadda ya kamata, ba a dogara da shi a kansu. Su waɗannan da sauri suke shiga da sauri suke fita. In haƙori ɗaya zuwa uku ne masu sauƙi yawanci ba a canza komai. In aikin babba ne, kamar a tsaga dasashi ko a ciro wanda ya nutse a ƙashi, likita kan ce mai Xarelto na safe ya jinkirta na ranar sai awa huɗu bayan jini ya tsaya, mai Eliquis ko Pradaxa da ke sha sau biyu kuma ya tsallake na safe ya sha na dare. Likita ne zai yanke wannan ba kai ba, kuma in kana da ciwon ƙoda ko na hanta ka faɗa tun kafin a kwantar da kujera, don maganin na daɗewa a jikin mai ciwon ƙoda.

TAMBAYA: Wai da gaske wafarin maganin ɓera ne? Sannan akwai wani wanzami a unguwarmu da ke cire haƙori da arha, mijina yace can zai je. Daga Katsina.

AMSA: Da gaske ne 'yar'uwa, a Amurka aka fara sayar da shi a 1948 don kashe ɓeraye, bayan an gano abin da ke sa shanu zubar jini in sun ci ruɓaɓɓiyar harawa, a 1954 aka amince mutane su sha, shekara ɗaya bayan nan har shugaban Amurka na lokacin Eisenhower an ba shi da ya samu ciwon zuciya. Adadi ne ya raba su, shi yasa ake ta fama da gwaji.

Maganar wanzami kuwa ki hana shi, ki haɗa da surukarki in ya ƙi ji. Wanzami bashi da zaren ɗinki bashi da soson cusawa, in saiwar haƙori ta karye a ciki bashi da hoton da zai gani, ga maganar kayan aikin da ba a dafa ba da ciwon hanta. Haka ƙaho da tsaga, duk mai shan waɗannan magunguna ya bar su har sai likitansa ya sallame shi daga maganin. In kuɗi ne matsalar ya je asibitin gwamnati ya yanki kati, ya gaya musu sunan maganin da yake sha tun a wajen nas.